Robar Da Ke Ɓoye Cikin Tayar Baya

Duk mai babur ya san wannan ƙarar: ka saki kuloci, sai ka ji "ƙwas" daga baya, babur ya yi zillo kafin ya miƙe. Galibi sarƙa ake zargi. A garejina kuwa, cibiyar tayar baya nake fara buɗewa.

Injin Boxer fistin ɗaya gare shi, kuma sai ya juya sau biyu yake ba da ƙarfi sau ɗaya. Ke nan fizgar sarƙa yake yi, ba ja ba. Shi ya sa kamfani ba ya ɗaure faifan sarƙa mai haƙora kai tsaye a jikin taya. Ana kafa shi a kan wani faranti mai yatsu, yatsun su nutse tsakanin gutsattsarin roba, robar ta riƙa shanye fizgar. Idan ta mutu, haƙoran faifai su kwanta, sarƙa ta saki, giya ma ta ji a jikinta.

Baburan tsere na daji da yawa ba su da robar nan, domin ƙasa mai laushi tana barin taya ta ɗan zame. A kwalta babu wannan sassauci, don haka masu su kan nemi a ƙera musu.

Ana iya yi. Za a faɗaɗa ramukan noti na faifan, a cusa wa kowanne zoben roba mai tauri, a sa ɗan bututun ƙarfe a tsakiyarsa, sannan a rufe faifan da faranti biyu, ciki da waje. Notin ya matse bututun, kada ya matse robar. Hudar nan aikin mai injin sassaƙa ƙarfe ne, irin na Panteka a Kaduna, ba na mai guduma da ƙusa ba. Rami ɗaya ya kauce, faifan ya riƙa rawa.

Abin da ba na yarda da shi shi ne wasan gefe. Faifai ya motsa gaba da baya kaɗan, shi ake so. Amma ya karkata hagu ko dama, sarƙa na iya sauka ta kulle taya kana tsakiyar gudu, wataƙila da goyo a bayanka.

Shi kuwa mai Boxer, ba ruwansa da wannan wahala. Gutsuren tsohuwar taya da wasu ke cusawa zai kai ka gida, amma gobe ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayi sabuwar roba.