Awon alamomin sankarar hanta a cikin jini

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ƙasar noman gujiya, abu biyu ne ke share wa sankarar hanta hanya: ƙwayar cutar hanta nau'in B, da dafin aflatoksin, wanda fumfuna ke zubawa a gujiyar da aka adana da laima. Ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Galibi sai ciki ya kumbura ake kai majinyaci asibiti.

Tun 1964 Tatarinov, masanin ƙasar Rasha, ya gano furotin da ake kira AFP a jinin masu wannan ciwo. Amma AFP shaida ce mai rauni, domin tana hauhawa ga mai juna biyu da mai kumburin hanta.

Sabuwar dabara ita ce a daddatsa furotin da sinadarin tiripsin, ya zama guntaye da ake kira feftaid, a ɗora musu cajin lantarki, a kora su cikin bututu mai iskar naitirojin. Dunƙulallen guntu yakan riga miƙaƙƙe fita, kamar yadda iska ke raba tsaba da ƙaiƙayi wajen shiƙa. Daga nan na'ura ta auna nauyin kowane. Ta haka ake bambanta guntaye biyu masu nauyi ɗaya amma siffa dabam. Don sanin adadi kuwa, akan zuba tagwayen guntun da aka ƙara wa nauyi, wanda aka san yawansa, a gwada su.

Na'urar tana da tsada, tana kuma bukatar wutar da ba ta yankewa. Saboda haka jinin da aka ɗiba a Gazawa sai an daskarar da shi kafin ya yi doguwar tafiya.