Muhammad Lawal Uwais

Muhammad Lawal Uwais (12 ga Yuni, 1936 – 6 ga Yuni, 2025) lauya ne kuma alƙali ɗan asalin Zariya, wanda ya fara aiki a matsayin lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006. An fi tunawa da shi saboda hukunce-hukuncensa kan rigingimun siyasa da kuma kwamitin gyaran harkar zaɓe da ya shugabanta.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Zariya a gidan shari'a, domin mahaifinsa ya riƙe muƙamin babban alƙali, daga baya ya zama Wazirin Zazzau. Ya yi makarantar midil ta Zariya, sannan Kwalejin Barewa. Ya fara karatun lauya a Cibiyar Koyon Harkokin Mulki da ke Kongo, Zariya, a lokacin da Jihar Arewa ke sauya tsarin shari'ar laifuka zuwa dokar final kod, wadda ta fara aiki a 1960. Daga nan ya tafi Landan, inda ya zama cikakken lauya a Middle Temple a 1963.

Aikin lauyan gwamnati

Da ya dawo gida sai ya kama aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa. Aikin lauyan gwamnati ya haɗa da duba binciken 'yan sanda, da gurfanar da wanda ake tuhuma idan akwai hujja, da ba gwamnati shawara kan doka. Bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, ya ci gaba da aiki a Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Zazzau da Katsina, har ya zama babban sakataren ma'aikatar shari'a. A 1973 ya koma kujerar alƙali a babbar kotu. Ya shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1977, sannan Kotun Ƙoli a 1979 yana da shekara 43.

Alƙalin Alƙalai

Ya gaji Mai Shari'a Muhammad Bello a 1995, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ya kuma ci gaba da riƙe muƙamin bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. A ƙarƙashinsa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2002 cewa hukumar zaɓe ta INEC ba ta da ikon ƙara sharuɗɗan rajistar jam'iyyu a kan na tsarin mulki, abin da ya buɗe ƙofa ga sababbin jam'iyyu. A 2004 kotun ta ce gwamnatin tarayya ba ta da hurumin riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Jihar Legas. A 2005 kuma ta tabbatar da zaɓen Olusegun Obasanjo na 2003, wanda Muhammadu Buhari ya ƙalubalanta. Ya yi ritaya a 2006 da cika shekara 70, Mai Shari'a Alfa Belgore ya gaje shi.

Kwamitin gyaran zaɓe

A watan Agustan 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya amince cewa zaɓen da ya kawo shi mulki yana da kurakurai, ya naɗa Uwais shugaban kwamiti mai mutum 22. Rahoton da suka miƙa a Disambar 2008 ya ba da shawarar a cire zaɓen shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a sa Majalisar Alƙalai ta Ƙasa ta tantance masu nema, a kafa hukumar da za ta gurfanar da masu maguɗi, a kammala shari'ar zaɓe kafin rantsarwa, a kuma yarda da takarar indifenda. Gwamnati ta ƙi shawarar farko. Har yanzu ana ambaton "Rahoton Uwais" duk lokacin da aka tada batun gyaran dokar zaɓe.

Rasuwa

Ya rasu a Abuja ranar 6 ga Yuni, 2025, saura kwana shida ya cika shekara 89.