Yaro Mai Shanyewar Jiki: Taimakon da Za a Iya Yi a Gida

Wani yaron yakan kai wata 9 bai iya zama da kansa ba, ko wata 18 bai taka ba. Jikin wani yakan sandare, na wani ya saki. Sau da yawa sanadin rauni ne a ƙwaƙwalwa, daga doguwar naƙuda, shawara mai tsanani bayan haihuwa, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba laifin uwa ba ne. Raunin ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓi suna ƙagewa idan yaro ya yini kwance a wuri ɗaya. A nan ne iyaye za su taimaka.

Zama. Ku samo kwali mai kauri, ku manna falle huɗu ko biyar da kokon garin rogo, ku shanya ya bushe. Ku haɗa biyu su yi kusurwa, ku tokare su daga baya, ku jingina yaron a ciki. Ku naɗe tsumma ku sa tsakanin gwiwoyinsa don kada ƙafafun su harɗe.

Ciyarwa. Ku zaunar da shi, kansa ya ɗan sunkuyo. A ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan. Kada a yi masa ɗura, kada a ciyar da shi a kwance: abinci yana iya bi ta hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Bayan ya ci, ya zauna kamar rabin awa.

Kwanciya. Idan ba ya iya juyawa, ku juya shi duk bayan awa biyu. Ku riƙa duba ƙugu, dunduniya da ƙeya. Wurin da fata ta canza launi, gyambo ne ke shirin fitowa.

Tsayuwa. Ku kafa itatuwa huɗu masu gwafa, ku ɗora sanduna biyu daidai ƙugunsa, ya riƙa dafawa yana koyon taku. Kullum ku miƙar masa da hannuwa da ƙafafu a hankali, ban da ja da ƙarfi.

Idan ya yi jijjiga. Ku kwantar da shi ta gefe, nesa da wuta da ruwa. Kada ku sa masa komai a baki. In ta wuce minti 5, ku garzaya asibiti.

Kada ku ɓoye shi a cikin tanti. Ku kai shi asibitin sansani a duba shi, ku kuma sanar da ofishin HCR don a rubuta shi cikin masu buƙata ta musamman. Yana da haƙƙin rigakafi, abinci da makaranta kamar kowane yaro. Maƙwabta kuma, ku karɓi uwar ko da na awa ɗaya ne, ta samu ta huta.