Tsargiya Ba Alamar Girma Ba Ce: Duba Lafiyar Matasa a Ƙasar Gozaki

A ƙasar Gozaki, kamar sauran yankin Kafur da Malumfashi, jariri yana da katin rigakafi, mai juna biyu tana da ranar awo. Amma da yaro ya fara tasawa, shi da ma'aikacin lafiya sai ranar da ciwo ya kwantar da shi. A wannan tsakanin ne cututtuka da dama ke samun gindin zama.

Tsargiya ce babban misali. Yaron da ke wanka a kududdufi ko kamun kifi a fadama yakan ga jini a ƙarshen fitsarinsa, abokai su ce ai girma ne ya zo. Alhali tsutsa ce da ke fitowa daga dodon-koɗin ruwa, ta ratsa fata, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. In ta daɗe, tana iya lalata ƙoda, har ta jawo sankarar mafitsara. Tun a shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da Liverpool ta Ingila suka yi bincike a ƙauyukan Malumfashi, suka tarar ta fi addabar yara maza. Gwajin fitsari ke gano ta, ƙwayar praziquantel ke kashe ta.

'Yan mata kuwa, fara al'ada kan zo musu da ƙarancin jini: kasala, jiri, fari-fat a cikin fatar ido. Sau da yawa a gida ana kiran wannan lalaci. Akwai kuma allurar HPV mai kare su daga sankarar bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, ta iso Katsina a 2024.

Haka gwajin ƙwayar halittar jini (genotype): in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Gara a sani tun kafin a fara zance, ba sai an sa rana ba.

Manomin kirki ba ya jira masara ta yi yaushi kafin ya duba tsutsa. Saboda haka, iyaye, idan kaka ta yi, aka kai masara da auduga kasuwa, a ware ɗan abin da za a kai samari da 'yan mata asibitin unguwa, ko babban asibitin Malumfashi ko Funtuwa, a auna jini da fitsari, a duba ido da haƙori, ko da sau ɗaya ne a shekara.