Yadakunya: waɗanda suka zauna da kutare lokacin da dangi ke gudu

Idan ka ji an ambaci Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina ko Amanawa a Sakkwato, to tarihin kuturta ake taɓowa. A shekarun 1930 ne 'yan mishan na SIM suka karɓi ragamar waɗannan sansanoni, bisa yarjejeniya da hukumomin En'e. Lokacin babu maganin da ke warkarwa. Wanda ya kamu, sai dangi su ware masa kwano da tabarma.

Su kuwa baƙin, maza da mata, suka zauna suna wanke gyambo suna ɗaurewa. Gaskiya ne, yaɗa addini na cikin abin da ya kawo su, shi ya sa sarakuna suka riƙa sa ido. Amma majinyacin da aka riƙe hannunsa babu ƙyama ba ya mantawa.

Yau kuturta na warkewa cikin wata 6 zuwa 12, maganin kuma kyauta ne. Ƙyamar ce ta rage. Matasa, in kun ga tabo fari-fari a fatar wani, kuma wurin ba ya jin taɓi, ku raka shi asibiti tun yatsu ba su lalace ba. Kada kuma ku ware masa kwano.