Ƙwayoyin Gina Tsoka: Tarkon Da Ke Jiran Mai Komawa Fage Bayan Rauni

Da zarar an kawar da amfanin gona a Dutsi da garuruwan ƙasar Daura, sai hankalin samari ya koma fagen dambe da kokawa, 'yan makaranta kuma su duƙufa ga ƙwallo da ɗaga ƙarfe. Wasannin nan ba su rabuwa da karaya, ko targaɗe, ko gocewar ƙashi. Saurayin da ya yi watanni yana jiyya yakan tashi ya tarar damtsensa ya zube, tsararrakinsa kuwa sun yi masa nisa. A wannan hali ne akan ba shi shawarar neman ƙwayoyi ko allurar gina tsoka, waɗanda likitoci ke kira anabolik sitiroyid.

Magungunan nan kwaikwayo ne na sinadarin testostiron, wanda jikin namiji ke yi da kansa. A shekarar 1935 masana suka fara haɗa shi, kuma likitoci na ba da shi ga wasu marasa lafiya bisa ƙa'ida. Gaskiya ne yana ƙara girman tsoka da ƙarfinta cikin makonni kaɗan. Sai dai jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ba ta da wadatar jini kamar tsoka, don haka warkewarta da ƙarfafarta sukan ɗauki watanni. Idan tsoka ta yi ƙarfi alhali jijiya ba ta gama warkewa ba, sai mutum ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfin gaɓarsa, jijiyar ta tsinke. Raunin da hutu zai warkar sai ya koma na tiyata.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Sa'ad da jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje, sai ya daina yin nasa, maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, har haihuwa ta yi wuya. Ƙwayoyin da ake haɗiya suna lahanta hanta, suna jawo hawan jini da ciwon zuciya. Ɗalibin da bai gama girma ba, suna iya tsayar masa da tsawo. Yin tarayya a allura ɗaya kuwa hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau.

Akwai kuma wani ruɗani a kasuwannin Arewa. Ƙwayar sa ƙiba da ake kira "sha ka fashe" sau da yawa deksametazon ce. Ita ma sitiroyid ake ce mata, amma ta wani jinsi dabam. Ruwa da kitse take tarawa, tsoka kuwa zubar da ita take yi, ta raunana ƙashi, ta jinkirta warkewar rauni.

Manyan 'yan wasa ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A gasar Olamfik ta 1988 a birnin Siyol, Ben Johnson na Kanada ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, amma da aka sami stanozolol a fitsarinsa sai aka ƙwace lambar zinariyar aka ba Carl Lewis na Amurka. Haka kuma aka ƙwace lambar azurfar Folashade Abugan ta Nijeriya a gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2010 a Delhi.

Abin da ya kamata mai komawa fage ya sani shi ne, tsokar da ta taɓa ginuwa takan dawo da sauri fiye da farkon gininta, sabon shiga kuwa shi ya fi kowa saurin ganin ci gaba ba tare da magani ba. Wajibi ne ya fara nuna gaɓarsa ga likita, ko da mai ɗori ne ya ɗora shi. Akwai Babban Asibitin Daura, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sa'an nan ya soma da nauyi kaɗan, yana ƙarawa sannu a hankali, ya riƙi wake da gyaɗa da nono da ƙwai, ya sami isasshen barci.

Nauyi ya rataya a wuyan malaman wasanni da iyayen gidan 'yan dambe su faɗakar da yaransu, hukumar NAFDAC kuma ta sa ido kan masu sayar da magungunan nan ba da takardar likita ba. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.