Hawan Jini: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Ɗan Kasuwa

ABUJA — Ɗan kasuwa kan yi tanadi domin gobara da sata da faɗuwar darajar Naira, amma ba kasafai yake sanya hawan jini cikin abubuwan da ke karya jari ba. Alhali kuwa idan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mai shago, kuɗin sarin kaya ne ke komawa kuɗin asibiti, yaran shago su watse, masu bin bashi su yi sallama.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa yawan masu hawan jini a duniya ya ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba. Dalili kuwa shi ne cutar kan shafe shekaru ba tare da wata alama ba. Awo ne kaɗai ke tona ta, idan ya kai 140/90 ko ya zarce a ranaku daban-daban.

Wannan ne ya sa a 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da haɗin gwiwar hukumar ta duniya, ta ƙaddamar da shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun. A Babban Birnin Tarayya ma, Jami'ar Abuja da Jami'ar Northwestern ta Amurka sun gudanar da makamancinsa a ƙananan asibitoci 60.

Tsarin ba shi da wuya. Ana auna duk baligin da ya zo asibiti, a rubuta sunan wanda jininsa ya hau, sannan jami'in lafiya na unguwa da aka horar ya ɗora shi a kan ƙwayar amlodipine bisa ƙa'ida, ba sai an jira likita ba. Wanda ya daina zuwa kuma a bi sawunsa.

Ga ƙungiyoyin kasuwa, lissafin a bayyane yake. Kuɗin na'urar awo da ƙwayar wata guda bai kama ƙafar abin da wankin ƙoda ke ci ba. Ƙungiya na iya ajiye na'ura a ofishinta, ta kuma gayyato ma'aikatan lafiya, musamman ranar 17 ga Mayu, Ranar Hawan Jini ta Duniya. Dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta buɗe wata ƙofar ta rage nauyin magani.

Sauran aikin na hannun mai shago: gishirinsa na yini ya gaza giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kilishi, ya riƙa tashi daga kan benci yana takawa, kada kuma ya ajiye magani don ya ji sauƙi, sai da izinin ma'aikacin lafiya.